Na yi yaji sau uku, shin laifi ne in kai ƙara kotu?

Tambaya: Malam, shekara shida da aurenmu. Mijina yana hana ni cefane idan muka yi faɗa, wani lokaci har da duka. Sau uku ina yaji, duk zuwa biko sai a ce in yi haƙuri, a mayar da ni. Yanzu ina so in je wurin alƙali, mahaifina ya ce tonon asiri ne. Zan yi zunubi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita. Ba ki da zunubi. Hana ciyarwa da dukan da kika ambata cutarwa ce, kuma a mazhabar Malikiyya idan cutarwa ta tabbata gaban alƙali, mace tana da haƙƙin a raba auren.

Sai dai abin da aka yi muku sau uku ɗin nan ban kira shi sulhu ba. An zauna a zaure, an sha ruwa, miji ya sunkuyar da kai, ke kuma ba wanda ya tambaye ki abin da ya faru. Allah a Suratun Nisa'i aya ta 35 ya ce idan aka ji tsoron saɓani tsakanin ma'aurata, a tura mai hukunci ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Masu hukunci ya kira su, wato sai sun saurari kowa, sun gano mai laifi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Ali ya ce haɗawa da rabawa duk suna hannunsu. Abu Hanifa yana ganin wakilai ne kawai, ba sa rabawa sai da izinin miji, amma alƙalanmu kan Malikiyya suke tafiya. Idan laifin na miji ne, masu hukuncin su raba ba tare da kin biya komai ba. Idan naki ne, sai a yi khul'i, wato ki biya fansa a raba auren.

Shawarata, ki roƙi mahaifinki cikin ladabi a sake zama ɗaya: kawunki da baffan mijinki, adilai masu sanin hukunci. A rubuta sharuɗɗa, a sa shaidu. Idan ya karya, ki tafi kotun shari'a da takardar. Idan kuwa kina tsoron dukan zai yi miki illa, kada ki jira wannan zaman, ki zauna gidanku ki kai ƙara.

Wallahu a'alam.