Ba FBI ce ta raba N.W.A ba

Ƙanena, ka tambaya ko gwamnatin Amurka ce ta tarwatsa N.W.A, ƙungiyar mawaƙan rap ta garin Compton a jihar California, tunda daga 1987 zuwa 1991 kawai suka yi tare. A'a, rabon kuɗi ne ya watsa su.

Wasiƙar da ka ji labari gaskiya ce. A 1989 wani jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ya rubuta wa Priority Records, masu rarraba faifansu, yana ƙorafi kan waƙar da suka caccaki 'yan sanda. Sai dai talla ta zame musu, har wanda bai san inda Compton take ba ya fara neman kaset ɗin.

Ɓarakar daga cikin gida ta fito. Eazy-E ɗan ƙungiya ne, kuma shi ne mai kamfanin Ruthless Records da ke fitar da waƙoƙin, ga manajansa Jerry Heller riƙe da lissafi. Wato abokin waƙarka shi ne ubangidanka. Na daɗe ina haɗa kiɗa a situdiyo, kuma duk ƙungiyar da na gani da irin wannan tsari ba ta kai labari ba. Ana fara aiki da "ai mu 'yan'uwa ne", ba takarda ba shaida, ranar da kuɗi suka shigo sai kowa ya tuna baiti nawa ya rubuta.

Ice Cube, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya rubuta kaso mai yawa na baitocin faifansu Straight Outta Compton, har da waɗanda Eazy-E ya rera. Da ya ga abin da aka ba shi bai kai gumin da ya yi ba, sai ya ƙi sa hannu a kwantiragi, ya fice a ƙarshen 1989. Ni dai ban ga laifinsa ba. Sauran suka yi masa habaici a waƙa, shi kuwa ya rama da waƙarsa "No Vaseline", bai bar ko Heller ba.

Abin mamaki, faifansu na 1991 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa ba tare da Cube ba. Kasuwa na ci Dr. Dre, mai haɗa musu kiɗa, ya tattara nasa ya nasa, shi ma kan kuɗi, suka kafa kamfanin waƙa na Death Row da wani mai suna Suge Knight. Tafiyar Dre ce ta kashe ƙungiyar, domin shi ne ginshiƙin kiɗan, abokan waƙarsa MC Ren da DJ Yella kuwa ba za su iya riƙe sunan ƙungiyar su kaɗai ba.

Eazy-E ya rasu a watan Maris na 1995 sanadiyyar ƙanjamau, ba tare da su biyar ɗin sun sake shiga situdiyo tare ba.