Amsa kan zanen jikin 'yan goth

'Yar'uwa, kin tambaya ko baƙin zanen da kika gani a jikin 'yan goth, wato masu bin wata al'ada ta kiɗa da sa baƙaƙen kaya, alama ce ta bautar shaiɗan. A'a, yawancinsu ba haka ba ne, kuma abin yana damuna yadda ake yanke musu hukunci daga kallon hoto kawai.

Al'adar goth ta taso ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, daga kiɗan ƙungiyoyi irin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees. A 1982 aka buɗe gidan rawa na Batcave a Landan, nan suka riƙa haɗuwa. Na farkon ma sun fi dogara da baƙaƙen kaya da kwalli mai kauri da gashi a tsaye. Zanen allura daga baya ya yawaita.

Abin da suke zanawa kusan duk da baƙin tawada ne: jemage, hankaka, furen wardi da ya bushe, tagogin tsoffin majami'un Turai, da alamar ankh ta tsohuwar Masar, wadda ma'anarta rai ce. Tunanin mutuwa da baƙin ciki suke ɗauke da shi. Wasu sunan mamacinsu suke rubutawa, wannan kuwa yana taɓa min zuciya.

Amma kada ki kwatanta zanen allurar nan da lalle. Allura tana cusa tawadar cikin fata ta ƙasa, shi ya sa ba ta gogewa, sai da na'urar lesa mai aiki da haske, zama bayan zama, ga zafi ga tsada. A Birtaniya ma doka tun 1969 ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba wannan zane.