Birni, Bariki da Ɗan Birni: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai karatu ya tambaya cewa yana yawan ji a fina-finan Hausa ana cewa yarinya ta gudu birni ta shiga bariki, shin birni da bariki abu ɗaya ne?

Ba abu ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su da ake yi yana cikin abubuwan da suke damuna ƙwarai. Birni a asalin Hausa gari ne mai ganuwa da ƙofofi, mai sarki da kasuwa da masallacin Juma'a, inda kowace unguwa take da mai unguwarta, kowa kuma an san gidan da ya fito. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, sannan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Bariki kuwa baƙuwar kalma ce da aka aro daga Turanci, kuma ma'anarta ta farko ita ce mazaunin soja. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a wajen ganuwa, sai kalmar ta yalwata ta haɗa da duk inda ma'aikatan Bature, irin su kuku da boyi da masinja, suke zaune nesa da idon iyaye da kwaɓar dattawan unguwa. Daga nan ne aka sami ɗan bariki da barikanci, wato rayuwar wanda ba mai ce masa bari.

Ku lura da yadda masu shirya fim suke nuna shigowar baƙuwa gari. Za ta sauko daga mota a tasha da ƙullin kayanta a ka, sai a hasko gadar sama, da otal, da mota mai baƙin gilashi tana tsayawa a gabanta. Da wuya a hasko zaure da almajirai suna karatu, ko marinar Ƙofar Mata, ko tsohuwa tana tsawata wa yaron da ba nata ba, alhali waɗannan su ne birni na haƙiƙa. Tun daga fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990 masana'antar fina-finan Hausa take zaune a Kano, don haka ba rashin sani ne ya hana ba, barikin ne ya fi sayuwa. Marubutan littattafan soyayya, musamman mata, sun fi su adalci a nan, domin labaransu a cikin gida suke gudana, tsakanin kishiyoyi da surukai da maƙwabtan gidan haya. Saboda haka idan yarinyar labarin ta lalace, a ce ta shiga bariki, a daina ɗora wa birni laifin.

Wata kuma ta tambaya ko ɗan birni yabo ne ko zagi. Ya danganta da bakin da ya furta, amma galibi ana nufin mai wayon da ba a sakin jiki da shi a ciniki.

An kuma tambayi ma'anar karin maganar nan, baƙo ko da ido makaho ne. Ana nufin wanda bai san wuri ba yana buƙatar jagora, komai basirarsa. Masu wasan barkwanci sun mayar da ita ta baƙauye kaɗai, suna nuna shi yana tsoron tsallaka titi ana dariya, amma Bahaushe baƙo ya ce, bai ce baƙauye ba. Wanda ya tashi a birni, idan aka kai shi gona aka ce ya bambance shukar gero da ta dawa, shi ma lalube zai yi.

Sai tambaya a kan tumbin giwa da ake yi wa Kano kirari da shi. Yalwa yake nufi, wato gari mai ɗaukar kowa da komai, shi ya sa ake biyo shi da ko da me ka zo an fi ka.

Mai tambaya na ƙarshe yana son sanin ko Kannywood kalmar Hausa ce. Ba Hausa ba ce, laƙabi ne da mujallar Tauraruwa ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1990 bisa kwaikwayon sunan masana'antar fim ta Amurka. A rubutu na tsanaki na fi son a ce masana'antar fina-finan Hausa.