In sayi zanen Van Gogh da ake tallata mini?

Tambaya: Salam Yaya, daga unguwar Birni nake. Na kalli fim ɗin Van Gogh a waya, mai zanen nan da ya yanke kunnensa, wallahi sai da na yi hawaye. To wani a Facebook yana tallar zanensa jika 80 (sefa dubu 80), wai in na aje shekara biyu kuɗin zai ninka. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Don Allah kar ka saya da niyyar riba. Abin da zai aiko maka bugun inji ne a kan ƙyalle, irinsa dubbai ake bugawa, ranar da ka kai shi kasuwar Dole ko kuɗin katakon jikinsa ba za ka maido ba. Na asalin suna gidajen tarihi irin na Amsterdam, wanda ya fito kasuwa kuma ba maganar jika ake ba, hoton likitansa Gachet dalar Amurka miliyan 82.5 aka saye shi a 1990.

Hawayenka kam na gane su, mutum ne da ƙanensa Theo ke ɗauke da cinsa da shansa, ya kwanta asibitin masu taɓin hankali a Faransa, ya mutu a 1890 yana shekara 37. Masu fim sun san irin labarin nan na shiga rai shi ya sa suke ta komawa kansa, ga mai zane Frida Kahlo ta Meziko da hatsarin bas ya bar ta cikin ciwo har mutuwa, ga Basquiat da ƙwaya ta kashe yana 27 amma a 2017 aka sayi zanensa dalar Amurka miliyan 110.5. Masu tara zane suna son labarin, ba ƙarya, yana ƙara wa kaya daraja, sai dai su ba sa fidda ko dala sai sun ga takardu, daga hannun wa ya fito zuwa hannun wa, kuma masana sun duba sun yarda. Mai tallar nan wace takarda ya nuna maka?

Abin da ke damuna da finafinan, sai su nuna kamar ciwon ne ya yi zanen, alhali bawan Allah aiki ya yi ba dare ba rana, zanen fenti sama da 800 cikin shekara 10.

In hoton kake so a ɗaki, sauke shi a intanet ka kai masu wanke hoto su buga maka babba da kuɗi kaɗan. Sauran kuɗin ka nemi mai zane nan Damagaram, ka je ka ga aikinsa da idonka, ku yi ciniki, ya sa hannu da shekara a bayan zanen.