Amsa: saka parabiris mai roba a tsohuwar Peugeot 504

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce 504 ce ta gidanku a nan Yamai, an sake mata fenti, ka sayo sabuwar robar da ke riƙe parabiris, wato gilashin gaba, yaran garaji sun tsaga gilashin wajen sakawa, farin ƙarfen adon da ke zagaye da shi kuma ya ƙi shiga. Kana so ka ji ko a manna na biyun da gam irin na motocin yanzu. Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah kada a kai gam wurin nan. Tun fitowar 504 a 1968 roba ce ke riƙe gilashinta, da awon robar aka yanka shi, bai hau kan ƙarfe yadda gam zai samu wurin kamawa ba. Ranar da tsakuwa ta fasa shi a hanyar Doso kuma, wajen ɓamɓare gam ɗin za a ɓata maka fenti. Aikin nan igiya ke yin sa, ƙarfi ba ya yi.

Ɗauki robar ka buɗa ta da yatsa. Tsagi uku za ka gani: mai zurfi na gilashi, na ciki wanda ke cizon bakin ƙarfen mota, sai siriri a fuska na ƙarfen ado. A nan yaran suka yi kuskure. In adon ƙarfe ne mai tauri da aka lanƙwasa daidai siffar gilashi, kafin a kai gilashin mota ake saka shi, don in roba ta zauna tsagin nan matsewa yake yi. Haka yake a Mercedes 200 ta 1976 da Volkswagen mai kama da kunkuru. Mai danna shi daga baya da turnabis, ko ya lanƙwasa ƙarfen ko ya ci bakin gilashi. In kuwa adon na roba ne mai laushi da ake sayarwa a naɗe, irin na Mini ta Ingila, wannan makulli ne, shi ake sakawa a ƙarshe. Naka ka ce ƙarfe ne, to shi zai fara shiga.

Wajen sayen gilashi, dubi hatimin da ke kusurwarsa, harafin E cikin da'ira da 43R kusa da shi. In akwai sanda biyu, II, mai hawa biyu ne da leda a tsakiya, wanda in ya fashe yana tsayawa wuri guda. Sanda ɗaya kuwa mai wargajewa ne kamar gishiri. Tsofaffin motocin Faransa da yawa da shi suka zo, sai 1983 aka wajabta mai hawa biyu a can. Mai hawa biyun za ka saya, ya fi tsare ido da fuska. Sai dai bakinsa ba ya son wasa. Bi gefensa da farce tun a shago, musamman in na hannu ne daga kasuwar Katako. Ɗan ɓalli kamar ƙwayar gero ya isa ya zama tsaga daga sama har ƙasa da zarar an danna.

Rabin aikin a jikin mota yake. Cire sandunan share gilashi da madubin ciki, shimfiɗa bargo a kan kafo (murfin inji) da tabulo (allon gaban direba). Kankare tsohon mastik kaf, ka bi bakin ƙarfen da yatsa ko'ina. Kusurwoyin ƙasa biyu nan ruwa ke kwana, nan tsatsa ke ci. A goge da burushin ƙarfe, a shafa fentin hana tsatsa, a bar shi kwana biyu ya bushe. In ya huje sai mai walda. Tunda motar daga fenti ta fito, a duba ko an bar tudun walda ko an cika mastik a bakin, ko an ɗan lanƙwasa shi. A goge tudun, a miƙe lanƙwasar. Sannan mutum biyu su riƙe gilashin tsirara a gaban ramin, ba tare da ya taɓa ƙarfe ba, a ga ko tazarar daidai take ta ko'ina. In wata kusurwa ta matse, a tsaya a gyara, don nan zai sake tsagewa. Manna sikoc a tsakiyar gilashi da tsakiyar mota, sama da ƙasa, ya zama alama.

Da safe ake wannan aiki, a inuwa. Shanya robar a rana minti 20 zuwa 30 ta yi laushi, gilashi da mota kuwa kada rana ta taɓa su. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ruwan sabulu bushewa yake nan take, gilashi mai zafi kuma in ruwan sanyi ya taɓa shi yana iya tsagewa. Lokacin hunturu a wanke tsagin robar, yashi na shiga.

Kwantar da gilashin a kan katifa, ka sa masa roba, ka fara da kusurwoyi. Robar da aka zuba da siffar motar ta fi ta mita nesa ba kusa ba. Ta mita tana tattarewa a kwana, kuma tana ƙanƙancewa, don haka in ita ka samu ka ƙara santimita 2 wajen yanka. Sai ƙarfen ado. Sai igiyar nailan mai santsi, kauri milimita 4 ko 5, tsawo kamar mita 5. Cusa ta cikin tsagin ciki ta zagaye duka, bakunanta biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa da kamar santimita 20, ragowar a manne ta da sikoc a cikin gilashi. Siririyar igiya yanka roba take, waya kuwa ko kusa. Shafa ruwan sabulu a tsagin da bakin ƙarfe, ko gilisarin na famasi. Ban da baƙin mai, giris da gazuwal, suna kumbura roba; man birki kuma cin fenti yake.

Mutum uku ne: biyu waje, ɗaya ciki. A ɗora ƙasan robar a kan bakin ƙarfe, a daidaita alamun sikoc. Kada a ja igiya sai an tabbata tsakiya ta hau tsakiya, don bayan haka gilashi ba ya matsawa. Na ciki ya ja baki ɗaya a hankali, yana nufar tsakiyar gilashi, hannunsa kusa da shi, leɓen robar yana juyowa yana rufe ƙarfe. Santimita 15 a dama, 15 a hagu, haka har a gama ƙasa. Na waje su bi igiyar da tafin hannu a shimfiɗe, suna dannawa ciki da ƙasa, daidai inda leɓe ya riga ya hau. Ba naushi, ba guduma ko ta roba ce. A kusurwa igiya na yin nauyi, sai a riƙa juya ta kamar ana tuƙa tuwo, a ƙara sabulu. Gefe biyu su hau tare, a haɗu a tsakiyar sama. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya fara ɗayan, gilashin karkacewa yake, kusurwar ƙarshe ta ƙi shiga, a nan ne ake dannawa da ƙarfi a ji ƙas. In leɓe ya kuɓuce ɗan kaɗan, a fiddo shi da ƙugiya mai dakusasshen baki. In ya kai taƙi guda, a turo gilashin waje a sake daga farko. Minti goma ne. A sama kuma a lura ƙyallen rufin ciki ya shige ƙarƙashin roba, kada igiya ta yage shi.

Bar motar kwana ɗaya ko biyu robar ta kwanta, sannan a gwada da ruwa tun damina ba ta faɗi ba. Tiyo mara ƙarfi, a fara daga ƙasa a hau sama sannu, mutum na ciki yana duba ƙarƙashin tabulo da fitila. In aka fara daga sama ba za a gane ta ina ya shiga ba. Inda ya yi yoyo, a ɗaga leɓen waje da tsinken roba a matsa baƙin mastik na butil, wanda ba ya daskarewa, tsakanin roba da ƙarfe, in da hali har tsakanin roba da gilashi. Silikon ɗin nan na banɗaki mai warin tsami kada ya kusanci motar, tsaminsa tsatsa yake haifarwa a ƙarƙashin roba inda ba ka gani. Rarar mastik a ɗauke ta da dunƙulen mastik ɗin kansa, a goge da tsumma.