Fatawa: Zogin haƙori ya lafa, kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko in jira sai bayan azumi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, yau kwana tara ina fama da ciwon haƙori. Turmi ne na ƙasa ta hagu, ya daɗe da yin kogo. A kwanakin farko a zaune nake kwana na jingina da bango, domin da na sa kai a matashi sai in ji kamar ana buga guduma a muƙamuƙina. Sujada ma haka. Ina shan maganin rage zafi tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma ban sha azumi ko ɗaya ba. Shekaranjiya zogin ya lafa, alhamdu lillahi, sai dai kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓata, ina zazzaɓi da dare, bakina ba ya buɗuwa sosai, yawu ma da ƙyar nake haɗiya. Nakan kuma ji wani ruwa mai gishiri-gishiri da wari a bakina. Wani abokina mai karatu ya ce lafawar ciwon alamar karɓar addu'a ce, in daure har bayan Salla, ya kawo mini hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri aka yi mata albishir da Aljanna. Shin ruwan nan yana karya azumi? Allura da cire haƙori da rana fa? Kuma in na je asibiti bayan na ƙudurta haƙuri, na rage tawakkalina?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa abin da ka sha ya zama kankarar zunubi.

Ɗan'uwa, na riga na aika maka da gajeruwar amsa tun lokacin da na karanta saƙonka, cewa ka tafi asibiti a yau, kada ka jira faɗuwar rana. Wannan doguwar saboda kai ce in ka samu sauƙi, da abokinka, da duk wanda ya tsinci kansa a irin halinka.

Tambaya uku ka yi, amma abin da ya tsayar da ni wata jimla ce da ka faɗa a tsakiya ka wuce: zogi ya lafa, kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, haɗiya ta yi wuya, ga zazzaɓi. Da zogi kaɗai ka ambata, da na ce maka neman magani abin so ne, ka shirya ganin likita cikin kwanakin nan. Wannan jimlar ce ta ɗauke hukuncin daga mustahabbi ta kai shi wajibi.

Ni ba likita ba ne, amma wannan abu ne da likitocin haƙori ba su saɓa a kansa ba, kuma mai fatawa ba ya yanke hukunci sai ya san surar abin. A cikin kowane haƙori akwai ɗan rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Idan kogo ya ci ya isa can, ƙwayoyin cuta sukan shiga, wurin ya kumbura a cikin bango mai tauri da ba ya miƙewa. Shi ya sa zogin yake ƙaruwa in ka kwanta ko ka yi sujada, saboda jini ya ƙara taruwa a kai. Daga baya jijiyar takan mutu, ko mugunyar ta huda ƙashi ta sami mafita, sai zogin ya lafa. Ciwon yana nan daram, wuri kawai ya sauya. Mugunyar turmin ƙasa kuwa tana iya bin ƙarƙashin harshe da haɓa, ta tura harshe sama da baya har ta toshe hanyar numfashi, tana kuma iya shiga jini. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya siffanta irin wannan kumburi tun a 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiransa, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci in an bar shi. Ban ce shi ne ya same ka ba, wannan sai likita ya duba. Na ce alamomin da ka lissafa su ne waɗanda ake cewa duk mai su ya nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

To, hukuncin azuminka. Shehu Khalil ya taƙaice shi a Mukhtasar: mara lafiya yana da damar ajiye azumi in ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, kuma ajiyewar tana zama wajibi in ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Kai kana cikin kashi na biyu. Idan likita ya ce a sa maka ruwa, ko ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha duk bayan awa takwas, ka sha a kan lokacinsa, rana ko dare. Kada ka matse shi tsakanin magariba da asuba da dabararka. Ramuwa ce kawai a kanka, kwana da kwana, babu kaffara, babu ciyarwa.

Ruwan da kake ji a baki mugunya ce. Ka tofar da abin da za ka iya, wanda ya rinjaye ka ya wuce babu komai a kanka, wanda ya haɗiye da gangan alhali yana iya tofarwa shi ne zai rama. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ba ci ba ce ba sha ba ce. Cire haƙori, ko huda shi, ko wanke shi, ba sa karya azumi matuƙar an kiyaye haɗiye abin da ya taru a baki, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta tsaya a zamanta na Jidda a 1997. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta yi wa ruɓaɓɓen haƙori magani da rana ga mai azumi, amma a jimlar da suka karhanta suka togace wanda ke tsoron cutuwa. Sujada in tana ƙara maka azaba ka yi nuni, jam'i kuma kana da uzuri.

Saura maganar abokinka, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce ta riƙe ka a gida.

Adalci ne in faɗa cewa bai ƙirƙiro ta ba. Ra'ayin cewa barin magani don tawakkali ya fi yin sa sananne ne a mazhabar Imam Ahmad, an kuma ruwaito wasu magabata na ƙwarai da suka yi jinya ba su nemi mai magani ba. Kuskuren yana wajen ɗauko wannan magana a ɗora ta a kan ciwo irin naka.

Mu dubi hadisin da kansa. Ibn Abbas ne ya ce wa almajirinsa Aɗa'u ɗan Abi Rabah, in nuna maka mace 'yar Aljanna? Sai ya nuna masa ita, ya ba shi labarinta. Aɗa'u kuwa ba a haife shi ba sai bayan wafatin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Ka ga ke nan baiwar Allah nan ta rayu da farfaɗiyarta shekaru masu yawa, har yaron da ba a haifa ba a lokacin ya girma ya gan ta da idonsa. Ciwonta na wahala ne da ake rayuwa da shi, kuma ba a san masa tabbataccen magani ba a zamaninta. Abin da ta haƙura da shi addu'ar Annabi ce ta warkewa, bisa alkawarin Aljanna da ya fito daga bakin wanda ake yi wa wahayi. Wa ya yi maka irin wannan alkawari a kan mugunyar da ke neman maƙogwaronka? Sannan ka lura, ko ita ba ta bar komai ba. Ta ce tufafinta na yayewa in ta faɗi, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, aka kuma yi mata. Ɓangaren ciwon da ya taɓa mutuncinta da addininta ta nemi a ɗauke mata shi nan take.

Wataƙila zai ƙara maka da hadisin mutum dubu saba'in da za su shiga Aljanna ba hisabi. Abin da aka ambata a cikinsa shi ne ba sa neman a yi musu tofi, ba sa lalas da wuta, ba sa camfi, ga Ubangijinsu suke dogara. Ba a ce ba sa neman magani ba. Shugaban masu tawakkali ya yi ƙaho ya biya mai ƙahon ladansa. Ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani, ya yanke masa wata jijiya. Ranar Uhudu da aka karya masa haƙori aka raunata fuskarsa, Nana Faɗima tana wanke jinin, Sayyidina Ali yana zuba ruwa, da ta ga jinin ƙaruwa yake yi sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar a raunin har ya tsaya. Bai janye fuskarsa ya ce a bar shi da tawakkalinsa ba.

Akwai kuma abin da masu ɗauko wannan ra'ayi kan manta. Malaman da suka fifita barin magani suna magana ne a kan magungunan da amfaninsu zato ne, a sha a warke ko kada a warke. Ba su taɓa cewa wanda jijiyarsa ta tsinke jini na zuba ya bar ta ba ɗauri ba, ko mai yunwar da ta kai shi bakin mutuwa ya ƙi ci. Ibn Taimiyya, wanda shi ma a mazhabar Ahmad ya tashi, ya bayyana cewa a cikin magani akwai na wajibi, shi ne wanda aka san rai ba zai tsira ba sai da shi. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta tabbatar da haka a 1992: magani wajibi ne in barinsa zai kai ga rasa rai, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Fitar da mugunya da cire tushenta yana cikin mafi tabbacin abin da likitoci ke yi.

Haƙurin da ka ƙudurta kuwa yana nan, ba wanda ya ƙwace maka shi. Ma'anarsa ka tsare zuciyarka daga fushi da hukuncin Allah, ka tsare harshenka daga kai ƙararSa wurin bayi. Za ka buƙace shi a kan kujerar likita fiye da yadda ka buƙace shi a jingine da bango, kuma muna fatan ladan darare taran nan an riga an rubuta maka.

Ga abokinka ina da nasiha, ka isar masa cikin taushi, don na tabbata alheri ya nufa. Abu Dawud ya ruwaito labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga sauƙi ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka ya mutu. Da labari ya isa ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi fushi ƙwarai ya ce su suka kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba? Su ma tsantseni suka nufa. Duk wanda zai ce wa mara lafiya ya daure, ya fara sanin irin ciwon da yake cewa a daure a kansa.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma ya dame ni, shi ne yadda kake shan maganin rage zafi a matse cikin dare. Farasitamol iyakarsa ga babban mutum mai lafiya giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, a rarrabe da tazarar aƙalla awa huɗu, kuma wuce haka yana lalata hanta ba tare da mutum ya ji komai ba a ranar farko. Magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Ibuprofen da danginsa ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, mai juna biyu kuma kada ta sha sai da izinin likita. Ka faɗa wa likita duk abin da ka sha da adadinsa, kada kunya ta sa ka rage. In kana da ciwon suga ka fara da faɗar wannan, domin irin wannan kumburi ya fi saurin yaɗuwa a jikin mai suga. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman take yi. Kada ka gasa kumburin da abu mai zafi, kada ka matse shi ko ka tsokane shi da tsinke. Abin sa maye kuma, da sunan kashe zogi, haramcinsa bai ɗauke ba, sai abin da likita ya rubuta da ma'auninsa.

Ka kuma sani maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya gama aikin. Haƙorin da jijiyarsa ta mutu jini ba ya shiga cikinsa, don haka magani ba ya isa maɓoyar cutar. Kumburi zai sabe, ka ɗauka an gama, bayan makonni ya dawo. Dole a buɗe a wanke tushen a cike, ko a cire haƙorin. Cire shi don ciwo ba ya cikin sauya halittar Allah, sa wani a gurbinsa ma halal ne.

Wanda nasa bai kai naka ba, zogi ne kawai yana jiran gari ya waye ya ga likita, ya kuskure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri ya tofar, ya ɗora tsumma mai sanyi a kunci ta waje, ya ɗaga kansa da matashi biyu. Ya kuma yi abin da aka koya wa Usmanu ɗan Abil Asi lokacin da ya kai kukan wani ciwo a jikinsa: ya ɗora hannu a inda ke ciwo, ya ce Bismillahi sau uku, sannan sau bakwai ya ce A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru. Kai ma ka karanta ta, a kan hanyarka ta zuwa asibiti. Kada ka tafi kai kaɗai, ka sami wanda zai raka ka, in kuma ka ji numfashi ya fara yi maka nauyi ko muryarka ta sauya, ka faɗa wa ma'aikacin farko da ka gani tun daga bakin ƙofa, kada ka zauna a layi.

Wallahu a'alam.