Aikin fitar da gawa waje, amsar tambayarka

Kai yaro, na ga saƙonka tun da asuba, wai an kawo maka aikin wani mamaci da za a mayar ƙasarsu ta jirgi, wace takarda za ka fara nema. Shekara biyu kana bina shed ɗin kago, wurin lodin kaya na filin jirgi a Ikeja, amma har yau takardar shaidar mutuwa da fasfo ɗin mamaci sai na lissafa maka? Waɗannan ko mai gadin mutuware ya san su. Matsalarku ku yaran yanzu ke nan, ana aiki idonku na kan waya, sai abu ya taso ku ce Oga ya za a yi.

Kafin kowace takarda, ka fara sanin me ya kashe mutumin, kuma kar ka ji daga bakin dangi, ka je asibitin da ƙafarka ka gani a rubuce.

Ni abin da ya same ni ke nan kuma wallahi har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani ɗan Mali ne mai sayar da shadda, Allah ya jiƙansa, ya rasu nan Legas, sai wani da ya ce shi ƙaninsa ne ya same ni a Agege bayan sallar isha'i yana hawaye, wai uwarsu tsohuwa a Bamako ta ce sai ta ga ɗanta. Na ce masa bawan Allah ƙasa duk ta Allah ce, ga maƙabarta nan kusa, a yi masa sutura gobe da safe shi ne sunna. Ya ƙi. Na ce me ya same shi, ya ce hawan jini. Na yarda, ban karɓi ko kwabo na kafin alƙalami ba saboda tausayi, na zaro kuɗina na sa aka fara haɗa akwati mai kwanon zinki a ciki wanda ake liƙewa iska ba ta shiga, don babu kamfanin jirgin da zai ɗauka ba haka ba, na kama wuri a jirgin da ke bi ta Lome. Sai da na je karɓo takardar asibiti na ga ashe mota ce ta buge shi a hanyar Apapa. To a Legas irin wannan mutuwar tun dokar korona ta 2007, wato mai binciken sanadin mutuwa ba cutar nan ba, ba a sakin gawa haka kawai, sai rahoton 'yan sanda, sai mai binciken ya sa hannu, wani lokacin har sai an yanka an duba. Yankan yake gudu shi ya sa ya yi min ƙarya. Na fahimci tsoronsa, ni ma Musulmi ne, amma da ya faɗa min gaskiya ai da na san ta inda zan ɓullo.

Muka yi ta zarya, jirgi ya tashi ya bar mu, kuɗin mutuware kullum yana hawa. Da muka gama da wannan kuma sai ga wata, asibiti sun rubuta Muhammadu, fasfo kuma Mahamadou irin rubutun Faransanci, ofishin jakadancinsu suka ce ba mutum ɗaya ba ne, sai da na koma aka sake takardar. Kwana 16 bawan Allah yana kwance a cikin sanyi. Ranar da gawa ta sauka Bamako ranar wayar ƙanin nan ta daina shiga, na je shagon da ya nuna min a Balogun aka ce ba su ma san shi ba. Kuɗin da na tara zan canza mota ne suka tafi. Ban yafe ba.

Saboda haka ka ɗora fasfo kusa da takardar mutuwa ka bi harafi harafi. In sun yi daidai sai a yi allurar gawa ta hana ruɓewa su ba ka satifiket ɗinta, da takardar da ta ce ba cuta mai yaɗuwa ba ce ta kashe shi, wannan tun Ebola ta 2014 ba sa wasa da ita. Sai wasiƙar amincewa daga ofishin jakadancin ƙasarsu, sannan ka kai duka wurin Port Health, su ne na ma'aikatar lafiya ta tarayya da ke ba da izinin fita. Kar ka kuskura ka biya jirgi izinin nan bai shigo hannunka ba, kuma ka tabbata akwai wanda zai karɓa a can da sunansa da lambarsa a kan takardar kago.

Kuɗi kuwa su biya duka a gaba, ko sun yi kuka. Gobe ƙarfe bakwai ka same ni a shed da fasfo ɗin, ni zan duba da idona.